Ɗawisun Baba Karka-Motsa

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa, ba wanda ya san ranar. Duk layin Baba Karka-Motsa ake ce masa, domin maganar da ya fi furtawa a duniya ke nan. Mai hoto ne. Ya faɗa wa angwaye kar su motsa, ya faɗa wa 'yan makaranta, ya faɗa wa jariran da ba su ma san suna motsin ba. Har an ce ya taɓa faɗa wa wata mota marar inji, ranar da mai ita ya kira shi ya ɗauke ta don neman mai saye. Shi dai yana musanta wannan, amma musun nasa ba shi da ƙarfi.

A zamanin da yake kira "lokacin da hoto yake hoto", sai ka bi layi kafin ka shiga shagonsa. Akwai labule mai zanen teku, akwai fulawar roba, akwai tarho marar igiya da samari ke karawa a kunne suna murmushi kamar ana yi musu albishir. Akwai wata baƙar kwat rataye a ƙusa, wadda rabin mazan unguwar suka nemi aiki da ita a hoton fasfo, masu ƙiba da ramammu. Shi kuwa mai shagon ɗan gaye ne na ƙarshe. Ba ya fita sai da guga, ba ya taɓa kyamara sai ya sa turare, kuma ya yi imani har zuciyarsa cewa mutanen da yake ɗauka ba su da wani kyau, shi ne yake ba su aro.

Shagon a gaban gidansa yake. Idan ka buɗe ƙofar baya sai ka faɗa wani ɗan fili kafin ka kai ɗakunan kwana, kuma wannan filin na matarsa ne, wadda kowa ke kira Mai Kaji. Tun tana amarya ta zo da kaza ɗaya a kwali, daga nan abu ya yi ta yaɗuwa: kaji, agwagi, zabi masu surutun tsiya, har da wani talotalo da ya yi zamani yana korar masu karanta mitar wuta. Mace ce marar yawan magana, kullum hannunta riƙe da kwanon dusa. Da ƙwan kajin nan aka sayi takalman makaranta da maganin zazzaɓi sau ba adadi, amma Baba bai taɓa sanin wace ce wace a cikinsu ba. "Talakawanki" yake ce musu. Idan zai ratsa filin sai ya tattare bakin wandonsa yana zaɓen wurin takawa.

Sai waya ta zo. Kowane yaro ya zama mai hoto, kowace yarinya tana turo baki tana ɗaukar kanta da kanta, ba mai ce mata kar ta motsa. Layi ya ragu, ya koma masu neman fasfo ɗaya-ɗaya, daga baya su ma suka gano wani wurin. Baba ya yi shekara da shekaru yana buɗe shago da safe, ya kakkaɓe fulawar roba, ya zauna yana kallon titi. A hankali ya daina guga. Turaren ya ƙare bai sayi wani ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babban ɗansa, wanda ake kira Injiniya, gyaran waya ya koya, yana da 'yar rumfa a bakin titi inda rana ke gasa shi. Ka haifi ɗa, ka yi masa tarbiyya, ya tashi ya zama likitan maƙiyinka! Ga shi kuma Injiniya ya fara kewaye-kewaye da magana, wai shagon nan yana da inuwa, wai yana kallon titi, wai Baba ya isa hutu.

Ana cikin haka wani mai kula da lambu a gidan wani attajiri ya kawo masa tsohon hoton mahaifinsa da ruwa ya ɓata. Baba ya zauna ya gyara shi tsaf, ya maido wa mamacin hancinsa da kunne ɗaya. Mutumin ya yi ta share hawaye, washegari ya dawo da tukwici a cikin hularsa: ƙwai biyu manya, na ɗawisu.

"Ke, zo ki ga arziki," in ji Baba daga ƙofar baya.

Mai Kaji ta juya ƙwan a hannu, ta ɗaga shi a rana ta duba. "To wa zai kwanta a kai, Malam? Kai?"

"Ba ga talakawanki nan ba? Su ma su yi abin kirki sau ɗaya a rayuwarsu."

Ta sa ƙwan a ƙarƙashin wata kaza mai kwanci, sai bayan mako ta ƙara mata ƙwan kaji, domin ta lura manyan ƙwai irin na agwagwa sun fi daɗewa, kuma tana so a ƙyanƙyashe su tare. Ɗaya cikin ƙwan ɗawisun ya zama baragurbi. Ɗayan ya fashe ya fito da wani abu mai launin ƙasa da dogayen ƙafafu, wanda ko kazar da ta ƙyanƙyashe shi sai da ta ja da baya ta sake dubawa. Haka ya tashi cikin 'yan tsaki, yana tono tare da su, yana gudun shaho tare da su. Shekara ta zagayo ba jela, ta biyu ta zo da ɗan abin da bai kai tsintsiya ba. Mai aski, maƙwabcin shagon Baba kuma abokin tsokanarsa tun suna samari, yakan leƙo ta katanga ya ce, "Karka-Motsa, an cuce ka. Wannan zabo ne da ya yi makaranta."

A shekara ta uku bakin mai aski ya mutu. Jela ta sauko har tana share ƙasa, wuya ya yi shuɗi yana ɗaukar ido. Baba ya raɗa wa tsuntsun suna Mai Girma, ya sa kafinta ya yi masa wurin kwana na musamman, ya sayo masa kwano mai zanen fure. Ya so ƙwarai tsuntsun ya ɗauki halin ɗan tsako, samu ka ƙi dangi, amma Mai Girma ya ƙi. A kaskon agwagi yake shan ruwa, a kan akurkin kaji yake kwana, kuma yana da wani kuka irin na matar da ta ga ɓarawo, wanda har ya taɓa fito da maƙwabta riƙe da sanduna.

Wata safiya Baba ya shigo filin yana 'yar waƙarsa da fito, kaji na ta tono a bayansa, sai tsuntsun ya tsaya cak, ya girgiza jiki, ya baza jelar nan gaba ɗaya. Idanuwa ne birjik, kore da shuɗi da ruwan zinariya, suna rawa suna ƙyalli. Baba ya daskare a tsaye. Wani zai ce ikon Allah. Shi abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne, "Ashe fitona yake so." Abu na biyu da ya faɗo masa kuwa, waya tana da komai amma ba ta da ɗawisu.

Kafin mako ya ƙare an kafa sabon allo a ƙofar shago, an zana tsuntsu an rubuta HOTO DA MAI GIRMA. Mutane suka fara zuwa, da farko 'yan unguwa, daga baya har daga nesa. Baba ya kafa doka, ba a shiga filin da waya. Ya nemo dutsen guga, ya sayi turare, tafiyarsa ta dawo irin ta da. Ya kuma tsara yadda ake aikin, ba ya yarda a canja ko ɗigo. Zai tsayar da masu hoto a jikin bango, Mai Girma a gefensu, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya yi gyaran murya, ya yi fito, sannan ya ɗora kirari: "Mai Girma, ado ba aro ba! Na gaba da masu kwalliya, a buɗe wa baƙi!" Sai ka ga jela ta tashi ta cika bango, fuskar tsuntsun tana kallon kyamara sak. Idan lokacin zubar gashinsa ya zo, Baba yakan ce Mai Girma ya tafi hutu, ya tsince gashin yana raba wa yara kamar shi ya saƙa su.

Abu ɗaya ne ke ɓata masa aiki. Duk ranar Allah, da zarar ya yi fito, daidai lokacin Mai Kaji za ta fito da kwanonta ta watsa tsaba a bayansa, talakawa su taso su cika tsakanin ƙafafunsa da na kyamara. Wadda ke kan gaba kullum wata kaza ce fingi, irin masu gashi a hargitsen nan, 'yar kwanci ɗaya da Mai Girma. Wuyanta a tsige, ido ɗaya a lumshe, ba ta da wani aiki sai ci. Tsumma ake ce mata, kuma sunan bai zalunce ta ba.

"Wai ke ba ki da wani lokacin ba su abinci sai ina da baƙi?" Baba yakan faɗa, a gaban baƙin.

"Yunwa ba ta san baƙi ba, Malam," in ji ta, ta koma ciki abinta.

Injiniya dai bai haƙura ba. Wata rana da yamma ya sami uban a bencin ƙofar shago tare da mai aski da tela, ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya ce, "Baba, ni fa tsoro nake ji. Sana'ar da ta dogara da ran tsuntsu ba sana'a ba ce. Ran da ya tashi da ɓacin rai fa?"

"Da bakina ta dogara, yaro. Ku shaida, kai mai aski, kai tela. Muddin jelar nan tana jikinsa, ranar da wani ya shigo neman hoto da Mai Girma ya fita hannu rabbana, ranar zan ɗauki makullin shagon nan in danƙa maka. Ka zuba wayoyinka har rufi."

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Ni haka nake nufi."

Tela ya ce a yi hankali, magana zarar bunu ce. Baba ya ce ya sani, shi ya sa ya zare ta.

Ba a daɗe ba autarsu ta haihu a wani gari, Mai Kaji ta haɗa kaya za ta je ta ɗan zauna da ita. Ba ta taɓa barin gida ba tun da Mai Girma ya fara aiki. Ta nuna wa mijin buhun dusa da na tsaba, ta ce a riƙa canja ruwan agwagi. Har ta kai ƙofa ta tsaya, kamar mai shirin faɗin wani abu, sai kawai ta ce, "Kar ka taɓa min komai."

"Sai ka ce akwai abin taɓawa," in ji Baba.

Tafiyarta ke da wuya aiki ya rikice. Ba mai watsa tsaba, kaji suna yawonsu ko'ina a filin. Baba zai yi fito ya yi kirari, Mai Girma zai baza, amma sai ya juya gabas ko yamma, wani lokacin ma ya ba kyamara baya gaba ɗaya. Wanda bai taɓa ganin bayan ɗawisu ba bai yi asarar komai ba. Wani malamin makaranta ya karɓi hotonsa ya daɗe yana kallo, ya ce to, shi ma hoto ne. Baba ya zauna ya yi nazari irin nasa, ya gano matsalar: talakawan nan ne ke ɗauke wa Mai Girma hankali.

Ana haka wata mota mai sheƙi ta tsaya a ƙofar shago, wata budurwa mai baƙin tabarau ta sauko. Yayar wani ango ce, ita aka ɗora wa shirya hotunan aure. Ta shiga filin a kan yatsun ƙafa, hannu a hanci.

"Baba, tsuntsun ya yi wallahi. Amma wurin nan fa? Rigar amaryarmu jan ƙasa take yi. Ka ga abin da ke ƙasan kuwa?"

Baba ya duba ƙasa, a karon farko ya ji kunyar gidansa. "Ki dawo ranar ɗaukar hoton, 'yata. Ba za ki gane wurin ba."

Washegari ya kira dillalin kaji daga kasuwa. Mutumin ya zo da babur da manyan kwanduna, aka yi ta tsere da kaji, agwagi na ihu, zabi suka haye katanga sai da aka sauko da su. Dillalin ya ɗaga Tsumma ta ƙafafu yana dubawa. "Har da wannan?"

"Ita ce ma ta farko."

"Mai su ta sani kuwa?"

"Ni ne mai gidan."

A ransa ya riga ya gama shiri. Idan aikin nan ya yi kyau zai sayo wa matar fararen kaji manya, masu mutunci, a yi musu keji can bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa, ta dawo ta yi ta godiya. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka, balle shi da ko sabon bai yi ba. Ya kwance akurki ya jingine katakon a lungu, ya wanke filin da sabulu, ya shafe bango da farin fenti, ya shimfiɗa kafet ɗin roba mai kama da ciyawa. Da ya gama ya tsaya yana kallo, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Mai Girma kuwa yini ya yi yana zagaye filin yana leƙa lunguna, Baba ya ce yana duba sabon ofishinsa ne.

Ranar ta zo, motoci suka cika layin. Ga amarya cikin rigar da sai an riƙe mata baya, ga ango cikin kwat wadda ba ta aro ba, ga ƙawaye da abokai kowa na ƙamshi. Mai aski da tela suka rufe shaguna suka zo kallo. Baba ya sha guga har wandonsa na iya yanka. Ya tsayar da ango da amarya, ya gyara wa angon haɓa, ya koro Mai Girma gefensu, ya koma bayan kyamara.

"Kar ku motsa."

Ya yi gyaran murya, ya yi fito, ya ɗora kirari. Mai Girma ya karkata kai, ya leƙa, ya sosa wuyansa da ƙafa.

Baba ya yi murmushi ya ce manya sai da lallashi. Ya sake fito, ya ƙara wa kirarin baiti biyu da bai taɓa yi ba. Tsuntsun ya taho a hankali, ya zagaya ƙafafun kyamara, ya wuce lungun da akurki yake a da, ya ƙwalla kukan nan nasa. Amarya ta zabura ta taka rigarta. Rana ta fara zafi, hodar fuskarta ta fara neman hanyar sauka.

Mai aski ya ce ya ji ana cewa ɗawisu na son madubi, ya ruga ya ciro na shagonsa. Mai Girma ya ga wani ƙato a ciki yana kallonsa, ya tashi sama ya kai masa duka da ƙafa biyu, madubi ya tsage daga sama har ƙasa. Wani abokin ango ya ce akwai kukan macen ɗawisu a wayarsa, ko a kunna? Baba ya rufe ido ya ce a kunna. Haka waya ta shigo filin da izininsa, aka kara ta kusa da kan tsuntsun tana ta kuka. Mai Girma bai ko waiwaya ba. Tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa ganin macen ɗawisu ba, bai san yarenta ba.

Baba ya koma bayan kyamara, bakinsa ya bushe, ya tattara sauran yawunsa ya yi wani fiton. Tsuntsun ya juyo da sauri, da gani ya san sautin, kuma yana jiran wani abu ya biyo baya. Wannan karon Baba ya bi idonsa da kyau. Ba fuskarsa yake kallo ba, ba kyamara yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, daidai bayan dugadugansa. Baba ya waiwaya. Ba komai a wurin sai ciyawar roba mai tsabta. Nan Tsumma take tsayawa kullum, kanta a ƙasa, tana ci. Duk bazawar nan da girgizar nan don ita ake yi, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga kai ta duba ba. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, kuma sai a ranar Baba ya gane wane ne ƙadangaren.

"Ku ɗan jira ni," ya ce, ya fita da gudun da bai san yana da sauransa ba.

Ya tare mai babur sai kasuwa. Ya sami dillalin a cikin kejinansa, ya kama hannunsa yana haki. "Kazar nan fingi, mai ido ɗaya. Ina take?"

"Wai mai kama da an wanke ta ba a shanya ba? Ai ita ta fara tafiya. Mai abincin bakin tasha ta saya tun ranar, ta ce tsohuwar kaza ta fi romo. Yanzu kam ko ƙashinta ba za ka samu ba."

Baba ya roƙi aron wata fingin, ya maƙale ta a hammata ya hau babur. Kafin ya iso gida ta yi masa abin da kaza ke yi a kan wandon gugar. Ya ajiye ta a bayan kyamara, ya yi fito. Mai Girma ya matso, ya dube ta sama da ƙasa, ya juya ya koma lungunsa. Ashe shi ma ba kowace yake so ba.

A lokacin baƙi sun riga sun gaji da jira. Sun jeru a jikin farin bangon suna ɗaukar juna da wayoyi, suna dariya, kowa na motsi yadda ya ga dama. Budurwar mai tabarau ta zo ta ce, "Baba, bangon ya yi kyau sosai, mun gode." Suka shiga motocinsu. Mai aski ya ɗauki tsagaggen madubinsa ya fita.

Da yamma Baba ya canja wando ya taka har rumfar ɗansa. Injiniya ya riga ya ji labari, ya miƙe tsaye yana sunkuyar da kai. "Baba, don Allah a bar maganar nan. Wasa ne ai."

"Ni ban yi wasa ba. Buɗe hannunka."

Ya sa masa makullin ya naɗe masa yatsu a kai. Ya ji idonsa na neman kawo ruwa, saboda haka ya yi wa yaron faɗa a kan yadda ya bar rumfarsa kaca-kaca, sannan ya juya ya tafi.

Ranar da Mai Kaji ta dawo, mai fenti na kan tsani yana shafe allon ƙofa. Ta ratsa ta cikin shagon, ta buɗe ƙofar baya, ta tsaya da jakarta a hannu. Ta dubi bango, ta dubi ciyawar roba, ta dubi katakon akurki a jingine da ɗawisu kwance a gefensa. Baba na zaune a kan kujerar da yake zaunar da masu hoto.

"Ka share gida," ta ce.

"Na share."

"Ya yi kyau."

Da ta yi ihu ta tara masa jama'a da ya fi masa sauƙi. Ya fara ba ta labari tun daga budurwar mai tabarau har zuwa makulli, yana yi yana kare kansa. Da ya zo ƙarshe ya rage murya, kamar mai ba da babban sirri. "Kin san wani abin mamaki? Ashe tsuntsun nan ba don fitona yake bazawa ba. Don Tsumma yake yi."

Ta ajiye jakar. "Sai yanzu ka sani?"

"Ke kin sani ne?"

"Malam, har agwagi sun sani. Tare aka ƙyanƙyashe su. Shi a ganinsa zakara ne, ita kuma duk duniya ba mace kamarta. Inda take, nan yake juyawa. To ina zan ajiye ta in ba bayan kyamararka ba? Da na ji fitonka sai in ɗauki kwano."

Baba ya miƙe. "Kika bar ni ina ta zuba kirari gaban mutane kamar taɓaɓɓe? Me ya hana ki faɗa min?"

"Shekara nawa kana zaune a ƙofar can da riga a yamutse, ina hango ƙeyarka ta taga? Abinci ma sai na yi da gaske kake ci. Rannan kawai ka shigo kana tambayata ina dutsen guga. In ce maka me? In ce ba kai ba ne, kaza ce?" Ta sunkuya ta taɓa ciyawar robar, ta goge hannunta a zane. "Tsaba ce cikin hannu ɗaya. Ban ga wahalarta ba."

Ya koma ya zauna. Ya tuna yadda yake daka mata tsawa a gaban baƙi, kullum, ita kuma ta ba shi amsa guntuwa ta koma ciki. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko a gaban amarya da ango. Sai ya ce, "Zan sayo miki wasu. Farare, manya."

"Sayo," in ji ta. "Ni ba zan san su ba, shi ma haka."

Ta shiga ciki. Ko mayafi ba ta cire ba sai ga ta ta fito da kwanon cike da tsaba, don hannu ya riga ya saba. Ta kai tsakiyar filin, ta ɗebo, ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta tsaya. Mai Girma ne kaɗai ya taso, ya zo yana leƙa bayanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar da tsabar cikin kwanon ta miƙa wa mijinta.

"Ungo, ba shi. Yanzu ai kana da lokaci."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Daga cikin shago ana jin Injiniya yana buga ƙusa, yana kafa katakon jera wayoyi.